Giya-biyu da Wuri na Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar cibiyar binciken ruwa, kuma a duk tsawon wannan lokaci da wuya ka ji wani ya kira shi da ainihin sunansa. Giya-biyu ake ce masa. Dalili kuwa, in ya ɗauko kwalaben ruwan da za a gwada, ba ya yarda motar ta wuce giya ta biyu a kan hanyar burji, ko hadari ya taso, ko wanda ya ɗauko yana ƙorafin yunwa. Matarsa ce kaɗai ba ta son sunan. Ta ce duk baƙon da ya ji sai ya ɗauka mijinta mashayi ne mai kwankwaɗar kwalba biyu kafin ya kama sitiyari, alhali mutumin ko lemon kwalba sai an matsa masa yake sha.

Ubansa mai facin taya ne a bakin tasha, a nan ya tashi cikin warin roba da baƙin mai. Ya fara da tuƙa tifar yashi, har ranar da ya ji ana neman direba a cibiyar. Su tara suka je. Wanda ya gwada su wani matashin dakta ne da bai daɗe da gama karatu ba, siriri mai tabarau. Bai tambayi kowa takarda ba. Baho ya cika da ruwa ya ajiye a bayan mota, ya ce kowa ya zaga filin cibiyar sau ɗaya ya dawo. Na Giya-biyu ne kaɗai bai ragu ba.

Daga nan suka zama kamar taya da gangarta. Makon farko na kowane wata za su fita su zaga wurare ashirin da biyu: koguna, rijiyoyi, tafkuna biyu da madatsa ɗaya. A kowane wuri a ɗauraye kwalba sau uku da ruwan wurin, a cika ta, a rubuta lamba da kwanan wata, a saka a kula cikin ƙanƙara. Da farko daktan ne ke shiga ruwan da kansa. Da ya zama farfesa, ya yi teɓa, gwiwa ta fara ba shi wahala, sai ya riƙa zama a mota yana rubutu, Giya-biyu yana naɗe wando yana shiga. Bayan Farfesa ya yi ritaya aka riƙa haɗa shi da ma'aikata iri-iri, wannan ya yi shekara ya samu canji, wancan ya tafi ƙaro karatu. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa tambayar hanya. Su dai su shiga mota su yi barci, in ta tsaya su farka.

Saura wata takwas ya ajiye aiki aka kawo wata ma'aikaciya sabuwa, mace mai kimanin shekara arba'in, marar yawan fara'a. Aikinta shi ne ta tattara duk sakamakon gwajin da cibiyar ta yi tun kafa ta, ta zuba a wani rumbun bayanai na intanet, inda duk mai buƙata, ko a wace ƙasa yake, zai iya shiga ya duba kyauta. Ba ta buɗe baki ba ta ambaci rumbun nan ba, don haka kafin wata ya ƙare kowa Mai Rumbu yake ce mata.

Wata safiya yana wanke mota aka ce tana kiransa a sama. Ya tsaya da soso a hannu. A shekara talatin da ɗaya sau biyu ya taɓa hawa benen nan, kuma duk biyun faɗa aka yi masa.

Ofishinta cike yake da tsofaffin kundaye masu baƙin bango, an jera su a ƙasa har gwiwa. Ta kawar da fayil daga kan kujera ta ce, "Baba, zauna."

Bai zauna ba sai da ta maimaita. Ta zuba masa shayi. Nan ne ya sha jinin jikinsa. A saninsa, in babba ya ba ƙaramin ma'aikaci kujera ya haɗa da shayi, to akwai abin da ke tafe a baya.

Ta buɗe kundi ɗaya ta nuna masa. Layi-layi ne na alƙaluma, a gefen kowanne an rubuta wuri na ɗaya, wuri na biyu, har ashirin da biyu.

"Ka ga matsalata," in ji ta. "Ina da sakamakon shekara talatin, amma ban san inda wuraren suke ba. Taswirar da ke ofishin Farfesa ruwan rufi ya lalata ta, fayil ɗin bayanin kuma gara ta cinye. Na kira ma'aikata shida da suka taɓa fita ɗiban ruwa, kowa ya ce in tambaye ka. In ba a san inda aka ɗebi ruwa ba, alƙaluman nan ba su da amfani ga kowa."

"To, ranki ya daɗe, ni direba ne. Inda aka ce in tsaya nan nake tsayawa."

"Shi nake so. Ka kai ni duk inda kake tsayawa."

Ya ce zai duba lafiyar mota. Ya sauko bai taɓa shayin ba.

Da ya koma gida da yamma ya tarar da matarsa tana guga a tsakar gida. Ita tela ce, ta daɗe tana hulɗa da mutane masu cewa abu ɗaya da safe su sauya da rana, don haka ba ta ɗaukar magana a yadda aka faɗe ta. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta jingine dutsen gugar.

"Shekara talatin ba su san kana da amfani ba sai da ka kusa tafiya? Baban yara, bincike ake yi. An ga wata ɓarna a takarda ana neman wanda za a shafa wa kashin kaji. Masu digiri sun watse, kai ne ka rage a hannu."

"Ta ce wurare kawai take so."

"Haka za ta ce mana. Ka kai ta, amma ka riƙe bakinka. Kada ka sa hannu a komai, kada ka bari ta ɗauki muryarka."

Abin da matarsa ba ta sani ba, akwai ɓarnar da shi ya sani. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har ita.

Wuri na sha huɗu mashaya ce ta wani ƙauye a bakin kogi. Kafin ka isa sai ka haye gada, ka wuce wani kamfanin jima da ke zubar da ruwansa cikin kogin, sannan ka gangara tafiyar minti goma. Don kamfanin ma aka zaɓi wurin, a ga abin da mutanen ƙauyen ke sha. A shekara ta goma sha biyu da fara aikinsa ambaliya ta karya gadar. Zagaye kuwa tafiyar awa huɗu ce. Farfesa ya tsaya a bakin karyayyar gadar ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Ɗebo a nan. Ai kogi ɗaya ne." Giya-biyu ya ɗebo, aka rubuta sha huɗu a jikin kwalbar. Ko shi da bai yi karatu mai zurfi ba ya san ruwan gindin gada bai kai ga kwatar kamfanin ba tukuna.

Da a nan abin ya tsaya, da bai dame shi ba. Amma bayan shekara biyu aka gyara gadar, suka ci gaba da ɗiba a gindinta. Sai su ɗiba, su haye, su shiga kamfanin, Farfesa ya ce zai wanke hannu a ofishin manaja. Wankin hannun yakan ɗauki rabin awa. Daga nan su juyo, ba su gangara mashayar ba. Shekara biyu ana haka. A cikinsu ne ya ji a rediyon mota cewa mutanen ƙauyen sun yi kukan ƙaiƙayi da mutuwar kifi, an kafa kwamiti, kwamitin ya duba sakamakon cibiya ya ce ruwa lafiya lau. Farfesa yana gefensa a lokacin. Ya miƙa hannu ya sauya tasha. Wata rana kuma, ba wani bayani, ya ce, "Yau mu gangara tsohon wuri." Shi ke nan, ba su ƙara tayar da maganar ba.

Ran Litinin suka fara fita da Mai Rumbu. Ta zauna a gaba, ba ta yi barci ba ko na minti ɗaya. A kowane wuri sai ta fito da wata 'yar na'ura mai kama da waya, ta tsaya daidai inda ya nuna, na'urar ta ba ta lambobin wurin. Sannan tambayoyi: daga wane gefe ake shiga, da rani ina ruwan ke komawa, an taɓa yashe rijiyar, yaushe aka yi mata murfi. Ta nemi ta ɗauki muryarsa ya ce a'a. Ba ta ja ba, ta ɗauko biro. In ta gama rubutu sai ta karanta masa ta ce, "Haka ka faɗa?" Wannan ma bai kwanta masa ba. Ɗan sanda ne ya sani da karanta wa mutum maganarsa.

A rana ta biyu ya ce bari ya yi mata bugun ciki, ya ga iyakar abin da ta sani. Ya tsaya a wata rijiya a bakin hanya ya ce ita ce wuri na biyar. Ta fito, ta leƙa, ta jefa tsakuwa ta saurara. Ta koma mota ta buɗe kwamfutarta.

"Baba, na biyar an rubuta zurfinta gaba ashirin, kuma tun farko ruwanta da gishiri-gishiri. Wannan ko gaba shida ba ta kai ba. Ko dai mantuwa ce?"

"Tsufa ne, ranki ya daɗe. Tana gaba kaɗan."

Ta rufe kwamfutar, ko kallonsa ba ta yi ba. Shi kuwa ya tayar da mota yana lissafi. Matar da ta gane rijiya daga alƙaluma, ai ta daɗe da ganin shekaru huɗun nan. Ke nan duk wannan yawon tarko ne, ana jan shi a hankali har bakin gada. Daga ranar ya riƙa sauya tsarin tafiya. Daga sha uku ya tsallaka zuwa sha biyar, ya ce hanyar sha huɗu ba ta da kyau sai ƙasa ta bushe. Ta rubuta wani abu a gefen takarda ta ce to.

Ran Asabar da hantsi ya sa kayansa masu kyau ya tafi gidan Farfesa. Duk bayan 'yan watanni yakan je gaisuwa, don haka mai gadi bai tambaye shi komai ba. Ya same shi a baranda, ya rame, idanun sun yi fari-fari, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a kan teburi.

"Wa nake ji kamar mutumina? Har yanzu kana nan kana tare wa mutane hanya?"

"Ina nan, yallaɓai. Saura kaɗan in huta."

Suka taɓa hirar gwiwa da magani. Sannan Giya-biyu ya gaya masa batun rumbun, da yadda yake zagawa da matar. Farfesa ya yi murmushi ya ce abu ne mai kyau, tun da daɗewa ya so a yi haka, ilimin da aka kulle a durowa abincin gara ne.

"Saura sha huɗu ba mu je ba, yallaɓai."

Tsohon ya lalubi rediyon ya kashe.

"Me ta tambaye ka a kai?"

"Ba ta tambaya ba tukuna."

"Tana ɗaukar murya?"

"Na hana."

"Ka kyauta." Ya gyara zama. "Gada ce ta karye, kowa ya sani. Ba mu da man zagaye, kuma in muka bar gurbi a kundi masu ba da tallafi za su ce ba ma aiki. Da an rufe shirin gaba ɗaya, da yau ba ta da abin zubawa a rumbun nata."

"Haka ne. Amma bayan an gyara gadar fa, yallaɓai?"

Shekara goma sha bakwai tambayar nan tana bakinsa, sai yau ta fito. Farfesa ya juyo da fararen idanunsa wajen da muryar take.

"An gyara ta ne a lokacin? Ni dai a tunanina an daɗe ba a gyara ba."

"Shekara biyu, yallaɓai. Muna hayewa mu shiga kamfani."

"Ina shiga in yi musu faɗa ne. Kai kana mota, me ka sani? Ni na matsa musu har suka haƙa tafkin tace ruwa. Da na fito da alƙaluman a lokacin, da an rufe wurin, mutum ɗari uku sun rasa abinci." Ya ja numfashi. "Ko ita ce ta aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To ka kai ta mashaya ka nuna mata, ka ce nan ne sha huɗu. Ba ƙarya ka yi ba."

A hanyar gida Giya-biyu ya yi ta juya maganar. Tafkin tace ruwa gaskiya ne, ya ga an haƙa shi. Amma bai manta ba, duk fitowar Farfesa daga ofishin nan da dariya yake fitowa, manaja na rako shi har mota. Mai faɗa ba ya fitowa haka. Sai kuma ya ce wa kansa, wa ya sani, manya suna da irin nasu faɗan. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tambayar ƙarshe. Mutumin da ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu, yau shi ke zaton an aiko shi leƙen asiri.

Ran Laraba ba sauran wurin da zai fake da shi. Suka kama hanya da sassafe. Da suka iso gadar sai ƙafarsa ta taka birki, kamar ba shi ya sa ta ba. Ya gangara gefe ya kashe mota. Kamfanin yana tsallake, an daɗe da rufe shi, ciyawa ta cinye ƙofar.

"Nan ne?" in ji Mai Rumbu.

"A'a. Sha huɗu yana ƙasa, bayan kamfanin." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Ranki ya daɗe, kafin in yi magana, ki gaya mini tsakani da Allah. Wa ya sa ki wannan aikin, kuma wa ake nema?"

Ta rufe kwamfutar ta dube shi.

"Ba a neman kowa, Baba. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ga wani abu. Shekara goma sha ɗaya ruwan sha huɗu yana da dauɗa, sai wata ɗaya ya zama garau, ya yi shekara huɗu a haka, sannan ya koma yadda yake. Kogi ba ya yin haka. Na zata ko na'urar gwaji ce ta lalace, na duba, sauran wuraren lafiya."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba tun farko?"

"Da na tambaya ranar farko, da ka faɗa?"

Ya buɗe ƙofa ya fita, ta biyo shi. Ya gangara har wani faffaɗan dutse a gindin gadar ya tsaya a kai.

"Nan. Daga watan da gada ta karye, har wata arba'in da takwas. Ni na ɗiba da hannuna."

Ya gaya mata sauran, har wankin hannu, har rediyo. Ta tsaya a kan dutsen ta ɗauki lambobin wurin. Da ta karanta masa abin da ta rubuta, sai ya ji babu ofishin manaja a ciki.

"Kin tsallake wani abu."

"Da gangan. Ni inda kwalba ta shiga ruwa nake rubutawa, da lokacin da aka gyara gada, don wannan ana iya tabbatarwa. Abin da aka tattauna a ofis ba ka ji ba, ni ma ban ji ba."

Ya dube ta da kyau. Ko dai ita ma rufa wa Farfesa asiri take yi, 'yan boko ai ba sa tona wa juna. Ko kuma ta ajiye wannan ɓangaren ne don wata rana. Bai iya rabewa ba.

"Akwai gurbin da ake sa sunan wanda ya ba da bayani," in ji ta. "Haƙƙinka ne. Duk wanda ya yi amfani da aikin nan zai ambace ka."

"Kada ki sa."

"Baba, shekara talatin..."

"Sunan da ya shiga takarda ba ya fita. Ki ce direba."

Da matarsa ta ji labarin a ranar, sai ta ɗaure fuska. Ba faɗar da ya yi ce ta ɓata mata rai ba, shekarun da ya ɓoye mata ne. Ta ce, "Ashe ni ma cikin waɗanda ba a yarda da su ba nake." Ta koma kan kekenta ta yi ta taka shi da ƙarfi, ta ɗinke hannun riga a baibai, sai da ta farke.

Bayan mako biyu darakta ya kira su su biyu. Mutum ne mai taushin murya, wanda Farfesa ya koyar. Ya yaba wa Giya-biyu, ya ce cibiya ba za ta manta da shi ba. Sannan ya ce yana ganin hanya mafi sauƙi ita ce a cire shekaru huɗun daga rumbu, tunda dama gara ta ci wasu takardu, ba wanda zai yi mamakin gurbi.

Mai Rumbu ta ce, "Yallaɓai, rahotanni uku aka buga da alƙaluman nan, suna ɗakunan karatu. In muka cire a ɓoye, rahotannin za su ci gaba da cewa ruwan lafiya lau. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, na gindin gada ne. A bar su, a faɗi inda suka fito."

Darakta ya juyo. "Baba, abu ne na shekara kusan ashirin. Ka tabbata? Ƙwaƙwalwa takan yi wa mutum wasa. Kuma ka san takardun ritayarka suna kan teburina, ba na so wata hayaniya ta taso a lokacin da ya kamata ka tafi cikin mutunci."

Giya-biyu ya auna maganar. Tausayi ne ko gargaɗi? Fuskar mutumin ba ta nuna ba. Ya tuna matarsa ta ce ya riƙe bakinsa, amma bakin ya riga ya buɗe a gindin gada, in ya janye yanzu shi ne zai zama maƙaryacin.

"Yallaɓai, watan da gada ta karye aka haifi 'yata ta uku. Watan da muka koma mashaya aka sa ta makarantar rainon yara. Wannan ba na mantawa."

Darakta ya yi 'yar dariya marar daɗi ya ce zai yi shawara. Shawarar ta ɗauki wata uku. A cikinsu Giya-biyu ya lura da komai: wanda ya daina gaishe shi, wanda ya fara gaishe shi fiye da da, ranar da aka ba wani direba motar ba a gaya masa dalili ba. A ƙarshe aka buɗe rumbun. Mai Rumbu ta kira shi ta nuna masa a allon kwamfuta: ɗigo ashirin da biyu a kan taswira, da ɗigo na ashirin da uku a gindin gada, da layi uku na bayani da suka ƙare da cewa bisa shaidar direban cibiya. Takardun ritayarsa suka fito ba tangarɗa, har aka yi masa 'yar walima. Sauƙin abin ma sai da ya hana shi sakewa na wasu makonni.

Ya je gidan Farfesa sau biyu bayan nan. Duk biyun mai gadi ya ce yallaɓai yana barci, bai buɗe ƙofar duka ba. Bai koma na uku ba.

Ya yi wata biyar da ajiye aiki, yana zaune a ƙofar gida da la'asar yana gyara wa maƙwabci famfon feshi, sai wani mutum ya yi sallama. Zai kai shekara talatin da biyar, da jaka a rataye, takalmansa sun sha tafiya.

"Baba, kai ne direban cibiyar ruwa?"

"Wa ya ce maka?"

"Na tambaya a ƙofar cibiyar, aka kwatanta mini gidan."

Giya-biyu ya ajiye sufana. To, ga abin da yake jira ya iso. Ya dubi jakar, ya dubi aljihun rigar ko akwai waya a kunne.

"Lauya ne kai ko ɗan jarida?"

"Malamin makaranta ne. A ƙauyen da ke ƙasan kamfanin jima aka haife ni."

Ya ba shi benci. Matarsa ta kawo ruwa, ta koma ta tsaya a bayan ƙofa inda za ta ji komai. Malamin ya ce wani abokinsa ne ya nuna masa rumbun. Mahaifinsa, in ji shi, yana cikin waɗanda suka kai kuka a wancan lokacin. Da kwamiti ya ce ruwa lafiya lau, sai aka mai da shi abin dariya, aka ce so yake kamfani ya ba shi wani abu ya yi shiru. Har ya rasu wasu ba su daina faɗa ba.

"Ba ƙara zan kai ba, kamfanin ma babu shi. Na buga shafin a takarda na karanta wa mahaifiyata. Ta ce ita ba ta yarda da takarda ba, in je in ga mutumin da idona, in ji daga bakinsa."

"Abin da ke rubuce haka yake. Wata arba'in da takwas a gindin gada."

"Ka san abin da hakan ke nufi a lokacin?"

Giya-biyu ya dubi hannuwansa. Bayan ƙofa matarsa ta yi gyaran murya.

"Na san ruwan da nake ɗiba ba shi kuke sha ba. Dalilin da ya sa aka ce in ɗiba a can, ban sani ba, har yau ban sani ba. Kuma ban tambaya ba. Ina da yara ƙanana, na ja bakina na yi shiru. Ba zan ce maka ban san komai ba."

Malamin ya jinjina kai. Bai ce ya yafe ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sha ruwan, ya gode, ya tambayi inda ake samun motar komawa. Giya-biyu ya raka shi har bakin titi, ya tsaya sai da ya ga ya shiga.

Da ya dawo matarsa tana ɗauke kofin.

"Ka ga ya rubuta wani abu?"

"Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba. Amma jakar nan ba ta bar cinyarsa ba."

"Na lura," in ji shi. Ya zauna ya ja famfon gabansa, ya ce in mutumin ya sake dawowa a ba shi kujerar ciki, bencin nan ƙafarsa ɗaya tana rawa.